Balbela a Hawa na Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar nan taka? An ce mini har yanzu kana hawa mota kana sauka kamar saurayi, ba ka jin maganar likita. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja da kwana. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara hawan jininsa ya ɗan lafa, ko da yake an hana shi gishiri, shi kuma yana bin bayana yana barbaɗawa a ɓoye, yana tsammanin ba na gani. Babban yaronmu an ƙara masa girma a wurin aiki, matarsa kuma ta yi nauyi, muna jiran saukarta kowane lokaci. Goggo tana nan daram. Kunnen ya ƙara nauyi, amma da zarar an rage murya ana maganarta, sai ta ji tsaf.

Yaya, na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. Na ɗauka ya fi a ƙirga, amma da na fara tsara maganar a raina sai murya ta ƙi fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko hannu zai fi baki ƙarfin hali. Maganar 'yarka ce, autarmu, wadda kai ka laƙaba wa Balbela tun ranar da ta fara sa fararen kayan jinya. Kafin gabanka ya faɗi, bari in ce tana raye, tana lafiya, ko ƙwarzane na kirki ba ta samu ba. Amma abin da idona ya gani ya hana ni sakat.

Ka san ta shiga wata ƙungiya ta matasa masu aikin yi. Akwai injiniya, akwai lauya, akwai malaman makaranta da masu aikin banki da ma'aikatan jinya irinta. Ranar hutu, maimakon su miƙe ƙafa, sai su tafi inda marasa galihu suke, kowa ya taimaka da abin da ya iya. Da farko ni har daɗi na ji. Na ce alheri danƙo ne, kuma gara wannan da zaman latsa waya. Inda suka fi zuwa shi ne tsofaffin benayen nan biyu da ke bayan masaƙar da aka rufe, inda ma'aikata suke zama a da. Yanzu waɗanda suka rage a ciki tsofaffi ne da zawarawa da masu lalura, mutanen da ba su da inda za su. Balbela takan auna musu jini, ta wanke gyambo, ta koya wa masu jinya yadda ake juya maras lafiya. Ta dawo da yamma a gajiye, ta zube a kan tabarma kusa da keken ɗinkina tana ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya, har na san wasu da ban taɓa ganin su ba.

Cikin damina injiniyan nasu, wani siririn yaro da suke kira Dogo, ya lura bangon bene na gaba ya dare daga sama har ƙasa, rodi ya fito ya yi tsatsa. Ya ce ginin nan ba zai ga wata damina ba. Hukuma ta zo ta shafa jan fenti a bango, ta ce kowa ya tashi, ta juya ta tafi. To su tashi su je ina? Lauyar cikinsu ta yi ta safa da marwa daga wannan ofis zuwa wancan, har aka ba su aron wani tsohon sito. Yaran nan suka share shi, suka raba shi ɗaki-ɗaki da katako, suka ja ruwa da wuta. Mazauna benen da yawa sun ƙi da fari, wani tsoho ma ya ce a ɗakin nan matarsa ta cika, a nan zai jira nasa. Haka suka yi ta lallashi har kowa ya yarda, aka sa ranar kwashe kaya.

Ranar na tashi da faɗuwar gaba ban san dalili ba. Na ce wa Balbela ta tsaya a ƙasa tana karɓar mutane, ta bar wa maza hawa. Ta yi dariya ta ce to Umma, irin to ɗin da ka sani. Da hantsi ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga, sai maƙwabciyata ta faɗo gidan ko sallama babu, waya a hannu, tana tambaya ko Balbela tana gida. Daga yadda ta yi tambayar na gane. Ta ce ana ta yaɗawa benen masaƙa ya rufta da 'yan agaji. Yaya, ban san lokacin da na fita ba. Sai a bakin titi na ga ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, tef ɗin awo kuma yana rataye a wuyana. Baban yara yana barci, na roƙi maƙwabciyar kada ta tashe shi, don na san jininsa ba zai ɗauka ba.

Da na isa, ƙura ba ta gama lafawa ba. Ba ginin duka ne ya faɗi ba, matakala ce ta rufta tun daga sama har ƙasa, ta bar wani baƙin rami a tsakiyar bene kamar an cire masa hanji. 'Yan sanda sun ja igiya, mutane sun yi cincirindo. Katifu da tukwane da buhunan kaya zube a titi, tsofaffin da aka riga aka sauko da su suna zaune a kai suna salati. Na bi fuskokin 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi fari da ƙura, babu tawa. Lauyar ce ta gane ni, ta riƙe ni da hannu biyu, ta nuna mini wata taga a hawa na uku. Ta ce Balbela tana can tare da wata tsohuwa da suke kira Kaka, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ta hau ne ta shirya ta kafin maza su zo su ɗauke ta, sai matakalar ta tafi a bayanta. Ta ce Dogo kuma yana gindin matakalar lokacin da ta fara ƙara, ya ingiza mutum biyu waje, shi bai samu fita ba, ana tono shi.

Na ɗaga kai na ga ɗan kanta a tagar, ƙarami kamar na 'yar tsana. Na kira wayarta. Ta ɗauka da muryar nan tata ta asibiti, a sanyaye, ta ce in daina kuka, ɗakin da suke ciki bai motsa ba, an ce su matsa jikin bangon waje su zauna shiru. Ina jin numfashinta, Yaya, numfashin bai yi kama da muryar ba. A bayanta kuma na ji tsohuwar tana tambaya ko uwarta ce, ta ce a gaishe ni, a kuma faɗa mini 'yata tana da kirki amma hannunta na allura da nauyi. Na yi dariya ina hawaye, mutane suna kallona kamar na zautu. Daga nan Balbela ta ce cajinta ya kusa ƙarewa, 'yan kwana-kwana za su buƙaci layin, ta kashe.

Motar mai dogon tsani ta zo, amma lungun ya yi mata kaɗan. Sai da aka ɗaga rumfunan masu kayan miya da teburan masu gyaran waya, kowa ya sa hannu, har da mata. Duk wannan lokaci ginin yana zubar da yashi. Kowane ɗan jim sai ka ji wani abu ya ɓalle a ciki ya faɗi, jama'a su ɗauki salati. Ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kowa yana kallon sama yana kallon bango, ba mai son faɗin abin da ke ransa. A tsakiyar haka aka fito da Dogo a kan wata ƙofa da aka ɓalle, ƙafarsa a karkace, idonsa biyu, yana ta tambaya ko an sauko da na sama.

Da tsanin ya kai taga, ɗan kwana-kwana ya miƙa wa Balbela hannu ta fito. Daga ƙasa na ga ta girgiza kai. Na yi ihu da sunanta na yanka, wanda ban taɓa kira a bainar jama'a ba, na ce ta sauko. Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah masani. Daga baya ta ce mini da ta fito, ba wanda zai san yadda ake ɗaure mai shanyewar jiki ba tare da an karya ta ba. Ita da mutumin suka naɗe Kaka a bargo, suka ɗaure ta a gadon ɗaukar marasa lafiya, aka zuro ta da igiya sannu a hankali. Gadon yana lilo a iska, yana bugun bango. Yayyafi ya fara sauka. Sai da gadon ya taɓa ƙasa sannan na ga ƙafar 'yata ta fito ta taga tana laluben tsani. Ban iya kallo ba. Na durƙusa na rufe fuska da mayafi, ina jin jama'a suna cewa a hankali, a hankali, har na ji hannu mai sanyi a wuyana da warin ƙura, Balbela ta ce ga ta nan. Da yamma, bayan an janye kowa, ruwa ya sauko da ƙarfi, ɓangaren da tagar take ya zube.

Tun ranar ban koma daidai ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai in miƙe tsaye. Na bi bangon gidanmu kaf ina shafa kowace 'yar tsaga da yatsa. Balbela kuwa tana ci tana sha tana zuwa aiki, tana ba mutane labari da dariya. Dogo yana asibiti, an sa masa ƙarfe a ƙafa, likitoci ba su ce zai taka daidai ba, ba su ce ba zai taka ba. Na je duba shi na tarar da mahaifiyarsa a kan benci a baranda. Ba mu san juna ba, amma muka zauna kafaɗa da kafaɗa har aka tashi masu dubiya.

Ga inda gizo yake saƙar, Yaya. Bene na biyu yana nan da mutane a ciki, shekarunsu ɗaya da wanda ya faɗi, shi ma an shafa masa jan fenti. Ƙungiyar ta sa ranar kwashe su a hutu mai zuwa, Balbela kuma ta ce za ta. Babanta, wanda sai da komai ya wuce ya ji labari, ya kira ta ya ce ta isa haka. Ta durƙusa a gabansa ta ce in ya hana ba za ta ƙetare maganarsa ba, amma ya sani waɗanda suka rage a sama su ne waɗanda ba sa iya saukowa da ƙafarsu, kuma a cikin masu jinyar ƙungiyar ita ce ta san su. Ta ce wannan karon an tokare matakalar da ƙarafa, 'yan kwana-kwana ma za su tsaya. Ya sa hularsa ya fita. Har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ni kuma na je siton nan da niyyar in roƙi shugabanninsu su cire ta. A can na tarar da Kaka kwance kusa da ƙofa, inda rana take shigowa. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta ce rabonta da ƙasa tun kafin jikinta ya shanye, shekara da shekaru tana kallon duniya ta taga. Ta ce da aka sauko da ita, abin da ta fara roƙo shi ne a ɗora mata tafin hannu a kan ƙasa. Na fito ban faɗi abin da ya kai ni ba. A hanyar gida na tsaya shagon masu kayan gini na sayi hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki, daidai ƙafarta. Suna nan a ƙarƙashin keken ɗinki, na rufe su da ƙyallaye. In na ba ta, na yarda ke nan. In na hana ta kuma ta tafi, da kai a buɗe za ta shiga. Kai ne babba, kai ne kuma take jin maganarka fiye da kowa. Don girman Allah ka kira ni kafin ranar, ka faɗa mini abin da zan yi da su, domin ni dabarata ta ƙare.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce na gode da saƙon magani. Ka gaida Likita da Gajere da 'Yar Baba, da jikokinka duka, har da mai rigimar nan da ba ya son wanka. Goggo tana gaishe ka, ba mu faɗa mata komai ba, don haka in kun yi waya ka kama bakinka. Baban yara yana miƙa gaisuwa. Ka sa mu a addu'a, ka sa Dogo, ka sa mutanen da ke kwana a saman benen nan.

Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Maman Balbela