Turaren Inna da Jar Saniya

Gazawa, Litinin

Yaya Hassana,

Gaisuwa mai yawa, ke da maigidan da yara. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Jar saniyar Inna ta hana mu sakat. Tun rasuwar Inna ba ta bar kowa ya taɓa hantsarta ba. Matata Zulai ta gwada, ta sha harbi a gwiwa. Dusa ma ta ƙi, sai kuka da ramewa. Zulai ta ce ƙamshin Inna take nema, na tsohon turaren nan mai kama da kanumfari da jiƙaƙƙen itace. Ke kika tafi da kwalbar, ki aiko. In ta ƙara mako ba ta ci ba, mahauta zan kira.

Ƙanenki, Sha'ibu

Gidan Rumji, Laraba

Sha'ibu,

Muna lafiya, a gaida Zulai da jiki.

Kai dai tun kana yaro garaje ne aikinka. Saniyar da Inna ta raina da hannunta za ka miƙa wa mahauci? Turaren kuwa saura bai kai gaɓar yatsa ba. Ban taɓa shafawa ba, buɗewa nake in shaƙa in rufe. Shi kaɗai na ɗauka a ɗakinta. Ka sayi irinsa a kasuwa.

Allah ya bar zumunci.
Hassana

Gazawa, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je kasuwar Agiye, na je ta Cadawa. Kwalbar iri ɗaya ce, ƙamshin ba shi ba ne. Na yanzu kafin azahar ya tashi, na Inna kuwa sai ya kwana uku a zane. Saniya ta sunsuna ta kau da kai. Yau ta kwanta, da ƙyar muka tashe ta. Don Allah, Yaya.

Sha'ibu

Gidan Rumji, Lahadi

Sha'ibu,

Ga shi a hannun Ɗantala direba. Ɗigo biyu a wuyan hannu, ɗaya a bakin zane, haka Inna take yi. Raina bai so ba, gara ka sani.

Ku huta lafiya.
Hassana

Gazawa, Talata

Yaya,

Na gode, Allah ya saka. Da Zulai ta shafa turaren, saniya ta tashi, ta ci, Zulai ta tatsi rabin ƙwarya. Babu zancen mahauta.

Amma ɗazu da safe Zulai ta gifta ta ƙofar ɗakina. Ban san sa'ad da na fito ba takalmi ba, ina cewa, "Inna, ina kwana?"

Zulai ta tsaya riƙe da ƙwarya. Sai ta amsa mini, "Lafiya lau."

Naki, Sha'ibu