Sukarin da Aka Daina Hana Ni

Zanzibar, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata 'Yardada,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ki gaida mini uwargidana Hajo, ki ce mata mijinta ya sauka lafiya.

Kin san kukana, ba yau na fara shi ba. A gidanmu kullum ni ne na ƙarshen jin magana. Lokacin da Inna ta rasu ina Legas saro kaya, kuka aiko cewa jikinta ya ɗan matsa, in taho a hankali. Na iso na tarar an yi sadakar uku. Kuka ce tausayina kuka ji. Har yau wannan tausayin yana nan a maƙogwarona.

To ga shi ɗana Mikail da matarsa Sadiya sun ɗauko ni daga rumfata ta Kurmi sun kawo ni tsakiyar teku, wai hutu. Tun da nake, mutum yana tafiya ne don aikin Hajji, ko fatauci, ko ta'aziyya, ko neman magani. Ban taɓa jin wanda ya hau jirgi don ya je ya zauna ba.

'Yardada, na ga abin mamaki. Ƙasar nan ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Ruwan tekun kan tattara ya yi tafiyarsa can nesa ya bar jiragen masunta a kan yashi, in an jima ya dawo, ba wanda ya yi ko salati. Turawa kuwa suna kwance cikin rana, tufafin jikinsu bai kai hulata ba. Mu muna gudun rana, su sun tsallako duniya nemanta. Amma 'yan ƙasar Musulmi ne, ana kiran salla, shi ya sa hankalina ya ɗan kwanta.

An kai ni wata gona na ga kanumfari a jikin bishiyarsa. Na tsufa ina auna shi, ashe kore yake fitowa, ya yi ja, sannan a shanya. Masoro kuma ashe yaɗo yake yi. Na tsaya kamar baƙauye.

Da ajami na rubuta, Mikail zai ɗauka da waya ya turo miki. Rubutuna ko malamin Mikail na allo bai iya karanta shi ba, ke kaɗai kika saba.

Yayanki,
Ɗanjuma mai kayan yaji


Zanzibar, ranar Asabar

'Yardada,

Sallama da fatan alheri. Yaya gida, yaya Hajo? Ban jira amsarki ba, don abin ya fi ƙarfina.

Kin san tun da aka ce ina da ciwon suga yaran nan suka sa ni gaba. Ba sukari, ba alkaki, fura ma sai gaya. Sadiya har aljihuna take lalubawa saboda dabino. To shekaranjiya a wurin karin kumallo na miƙa hannu ga sukari don in tsokane ta.  Ita da kanta ta zuba mini a shayi, ta juya, ta miƙo, sannan ta tashi wai wani abu ya faɗa mata ido. Mikail ya ce in ci duk abin da raina yake so. Wallahi shayin nan ɗaci ya yi mini.

Sai na fara tuna abubuwa. Kafin mu taho an kai ni asibiti an sa ni cikin wata na'ura, an ɗebi jinina. Likita ya yi mini Hausa har ƙarshen gaisuwa, da ya zo kan takarda sai ya juya wa Mikail da Turanci. Ni ban yi boko ba, amma na san fuskar mutum in ciniki ya ɓaci. Da na tambaya aka ce gajiya ce. Wando kuwa kullum sai na ƙara tsuke mazagi.

Yanzu duk inda na zauna sai hoto. Yaron da ba ya iya zama da ni tsawon shan shayi, jiya ya ajiye waya a gabana wai in ba shi sunayen kakanninmu da yadda aka kafa rumfa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne yau da hantsi. Waya ta yi ƙara, aka miƙo mini, sai muryar Baffa. Baffa ƙaninmu, wanda tun rabon gidan mahaifinmu ko a makabarta ba ya ba ni hannu! Wai ya kira ne ya ji ya ruwa ya iska. Wa ya gaya masa inda nake? Me kuma aka gaya masa?

Ba mutuwa nake tsoro ba, kowa bakin layi yake. Amma in lokacin ne, ba a ƙarƙashin bishiyar kwakwa nake son ya same ni ba, cikin mutanen da ba su san sunan ubana ba. Ina son ɗakina, da Hajo, da liman na unguwarmu. Baffa ma ya zo ya zauna gabana ya nemi gafara da bakinsa, in ga ko zan iya yafe masa.

Na tambayi Mikail ido da ido, ya nuna mini teku wai in ga kyan ruwa. Saura ke. Nono ɗaya muka sha, kuma na san an gaya miki. Kada ki rubuto mini cewa jiki da jini ne, kada ki ce in yi haƙuri. Na haɗa ki da Allah, ki ɗauki waya yau ɗin nan ki kira ni, ki faɗa mini da Hausa abin da likitan nan ya faɗa da Turanci. Jikina ne. Wani a cikinku ya amsa mini.

Na haɗa kayana, suna bakin ƙofa.

Yayanki,
Ɗanjuma