Kujerar da Baba Ke So Ya Hau Tsamiya da Ita

Juma'a, 3 ga Nuwamba, 2006

Ƙanena Musbahu ya kira daga gida, katin waya ya ƙare a kan maganar banza. Wai Baba yana so in aiko masa da kujerar hawa bishiya. Kujera! Alhaji Ado ne ya haɗa wannan fitinar. Ya zo Dubai sayen tayoyi, ya ga hotonta a wani kanti, ya koma ƙauye yana ba da labari kamar da ita aka haife shi. Tsoho ya haura saba'in, bara turken hawa ya karye da shi a jikin tsamiya ya faɗo, ya yi wata biyu yana fitsari a kwano, amma har yanzu hankalinsa na kan reshe. Ni ina nan Dubai, unguwar Port Saeed, ina lissafin kwantena, ubana yana can yana gasa da birai.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Ashe ga inda maganar take. Sulaiman, wanda Baba ya koya wa riƙon baka, shi ke neman sarautar Sarkin Baka. Maharba sun ce idan ruwa ya janye aka buɗe farauta, duk wanda bai iya hawa tsamiyar bakin tafki ya yi kwanton barewa ba, to ya sauka ya ba mai ƙafa. Sarautar da babu albashi, sai laya da warin fata. A kanta za a kashe mini uba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Na je kasuwar 'yan China ta wajen Warsan, don dai kada a ce ban duba ba. Bubakar, abokin ɗakina ɗan Maraɗi, ya raka ni. Ƙarfe biyu ne, ɗaya na zama ɗaya na ƙafa, kowanne da igiyar waya da ke rungume bishiya. Ka ɗaga na sama, ka jawo na ƙasa da ƙafa, kana tafiya kamar tsutsa. Mai kantin ya kunna mana faifan wasu Turawa ƙatti cikin kaya masu zanen ganye. Ɗaya yana rantsuwa sai ka kai tsayin mutum uku iska za ta ɗauke warinka, ɗaya yana cewa in ka wuce mutum biyu kibiya za ta sauka a gadon baya ta ɓata harbi. Har turaren ɓoye wari suke fesawa. Mutum ya ƙoshi da nama a firij, ya hau bishiya yana raɗa wa kyamara.

Na saya. Bubakar ya ce, "Yalla, ɗan Sarkin Baka." Ban yi dariya ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Abin yana ƙarƙashin gadona, na buge ɗan yatsa da shi.

Talata, 14 ga Nuwamba

Yau ina cikin cike takardun kaya abin ya faɗo mini, har na yi dariya ni kaɗai a ofis. Wannan kujera sai bishiya miƙaƙƙiya marar reshe, siririya kamar turken lantarki. Tsamiyar bakin tafki mutum uku ba sa zagaye ta da hannu, kuma tun daga ƙirjin mutum ta rabu biyu. Igiyar ko rabinta ba za ta ci ba. Alhaji Ado da bakinsa bai lura ba, Musbahu kuwa ko kuka bai taɓa hawa ba.

To madalla. In aika masa, ya kai ta gindin tsamiya, ta ƙi, Sulaiman ya karɓi layunsa, tsoho ya dawo ƙofar gida ya zauna a tabarma kamar sauran tsofaffi. Ba wanda zai ce na hana shi. Abin da ya roƙa na ba shi.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Bubakar ya matsa sai mun gwada. Muka sami wani dabino bayan rumbunan ajiya a Warsan. Shi ya fara, ya maƙale a tsayin kafaɗata yana salati da Faransanci. Ni na hau, ƙarfen yana ƙara kamar ana jan ƙofar gareji. Wace barewa ce za ta tsaya sauraron wannan? Da ya ishe ni na zare ƙafata, na ƙarasa sama da hannu da tafin ƙafa. Ban san jikina bai manta ba. Wani mai gadi Bapakistane ya fito yana "khalas, khalas", wai ya isa haka, muka naɗe kayanmu kamar ɓarayi.

A mota na gaya wa Bubakar dabarata, ina jiran ya yaba. Sai da muka shigo unguwarmu ta Muraqqabat sannan ya ce, "Muhsin, donc a gaban jama'a kake so ta ƙi shi?" Na ce gara kunya da makara. Ya ce shi dai bai san ubana ba. Ai kuwa bai san shi ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na ɗauki kujerar na kai ta ofis, an ɗaure ta, za ta bi kayan Alhaji Ado na jirgin Alhamis.

Talata, 21 ga Nuwamba

Baba da kansa a waya. Musbahu ya kai shi kan tudun makaranta inda ake samun layi. Ihu yake yi, shi a ganinsa Dubai nisa ce sai an ɗaga murya. Bai tambayi aikina ba, bai taɓa tambaya ba. "Muhsinu, ƙarfen nan yana kai mutum reshen sama?" Na ce Baba reshen ƙasa ma ya isa, barewa ba ta ɗaga kai. Ya ce, "Kai ka sani? A reshen ƙasa Sulaiman ke zama." Shi ke nan hujjar. Tsayin mutum uku da ɗori, don kawai ya leƙo ƙeyar Sulaiman.

Sai ya ce ya riga ya gaya wa maharba kaf cewa ɗansa na Dubai zai aiko da abin hawa, ranar buɗe farauta kowa ya zo ya gani. Ya ce in bai iso ba kada in damu, ya fara fere turakun icen kirya, sai dai hannun ba ya buga su su shige kamar da. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin damina. Layi ya yanke.

Wato ko kujera ta ƙi, hawa zai yi. A gabansu, da fushi, a kan turakun da ya buga da wannan hannun. Wannan ban yi lissafi da shi ba, ni mai lissafi.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Ban ci abincin rana ba. Shinkafar ce ba daɗi.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Na cire kujerar daga kayan Alhaji Ado. Ya yi ta mita a waya, na ce nauyi ya yi yawa. In Bubakar na so, ya je ya hau dabino da ita.

Akwai wani mai walda a Warsan. Na zana masa turakun ƙarfe masu kai kamar ƙusa, da faɗin da tafin ƙafa zai zauna, na sayi ɗamarar da masu aikin gini ke ratayawa. Har yanzu ina ganin abin wauta ne, sarautar da masu neman ta duka. Na nemi hutun sati biyu, manaja ya ɓata rai, ya sa hannu. Na aika wa Musbahu kada kowa ya taɓa tsamiyar sai na zo, don shi ko ƙusa ya buga sai ta karkace.

Mai waldar ya tambaye ni guda nawa zai yi. Tun a mota na ƙidaya na reshen ƙasa. Da na buɗe baki, na reshen sama na faɗa masa.