Kindirmon da ya zama sadaka

Talata da dare, Kilomita Biyar

Jiya wuta ta dawo, firji ya kama aiki. Na haɗa sabon kindirmo, ina murna yau zan fara ciniki na gaske.

Ina buɗe ƙofa da hantsi na tarar da layin yara da kofuna, har da na unguwar Kokoro. Babu wanda ya riƙo ko dala.

Ranar Asabar ne sojoji suka sake bore, ana ta harbi, wuta ta ɗauke. Da na ga kindirmon farko zai lalace, sai na rabar wa maƙwabta. Ashe labari ya zaga cewa matar Alhaji Sale ta buɗe gidan sadaka.

Maƙwabciyata Maman Odile ta leƙo tana ta godiya, wai har a cocinsu an yi min addu'a. Na ce, "Maman, sana'a fa na buɗe!" Ta yi dariya, ta miƙo kwanonta.

Na zuba mata, na zuba wa yaran ina ƙunƙuni. Ya zan yi? Iyayensu ba su fita kasuwa ba tun Asabar.

Sarƙata fa na sayar na sayi firjin nan. Alhaji ya ce ai na samu lada. Na ce gobe ya kai wa mai madara ladan, mu ga ko zai karɓa.