Ba Fure Ba Ne, Inna

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, ɗanki ne Sale, wanda boko ta koro tun daga firamare. A yi haƙuri da rubutun.

Inna, haƙorina ne ya fara rawa ba kiɗa, na tafi asibiti a Bici a cire in huta. Likitar na taɓa dasashina sai jini. Maimakon ta goge, ta ɗiga shi a wani ɗan tsinke ta cusa a na'ura. Wai ciwon suga. Ni! Na ce wannan ai na alhazan birni ne, ɓatan hanya ya yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce sau da yawa dasashi kan riga mai shi sanin ciwon.

Nan tawa dariyar ta ƙare, don ke na gani.

Na gan ki a gindin rumbu kina goga fure a haƙora, da ɓarin goro a kunci. Kullum aswakinki ja. Muka ce fure ne. Ke ma kina cewa, "Bakin mace ba ja, miya ce ba daddawa."

Da haƙoranki suka fara zuba, ina tsokanarki wai lokacin yaye ya yi, a dama miki koko. Moɗa ba ta barin hannunki, na ce gara a ɗaura miki aure da randa. Kina dariya har da tafi. Da ƙaya ta soke ki a gonar gyaɗa ƙafar ta ƙi warkewa, ƙayar muka zaga.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma Inna, bakinki yana ta faɗa mana, mu kuwa muna yaba adonsa.

Yaya Hansai ta gaji furenki, ta gaji moɗarki. Na ce mu je a duba ta, ta ce ita ba akuyar kasuwa ba ce da za a buɗe mata baki. Na roƙe ta ta ajiye furen ko na mako ne. Yau makon ya cika ba ta taɓa furen ba; da na shiga gaishe ta, sai ta miƙo min aswakinta.

Ja ne, Inna.

Gobe zan ɗauke ta a babur, sai asibiti.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara, wanda ba ƙishirwa bayansa.

Ɗanki mai surutu,
Sale