Gadon Sama a Motar Kaka

Tono, 8 ga Mayu

Zuwa ga Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Suzune. Nan an fara dashen shinkafa, kwaɗi sun cika gari da kuka.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Ni ne dai Iwao, surukinki na da. Shekara shida ke nan da rabuwarki da ɗana Naoki, ban taɓa damunki ba, katin sabuwar shekara kawai muke aika wa juna. Yau dole ce ta sa. Likitan ido ya ce in mayar da lasisin tuƙina a watan Oktoba. Wannan zafin shi ne na ƙarshe da zan riƙe sitiyari.

Kin tuna 'yar farar motar nan da muke kwana a ciki ni da marigayiya Fusae? A tafiyarmu ta ƙarshe da Suzune, tana shekara takwas, mun matse ta a tsakiya kamar kifin gwangwani. Da safe ta tashi tana kumbure-kumbure, ta ce, "Kai minshari, ita kuma gwiwar hannu! Ni dai a yi mini gadona a sama." Na ce na ɗauki alkawari. Alkawari kuwa kaya ne.

To na sauke shi. Gado na nan a gicciye bayan kujerun gaba, kai a taga ɗaya, ƙafa a ɗayar. Da rana a naɗe shi ya kwanta jikin rufi. Babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ya ciji katako, har da 'yar tsani mai taka uku. Awo kuwa ban tambayi kowa ba. Ginshiƙin falo yana nan da zanen fensirin da muke yi don alamar tsawonta duk biyar ga Mayu, ranar bikin yara. Na ɗauki zanen ƙarshe, na ƙara mata faɗin tafin hannu saboda girma. Shekara hamsin ina kafinta ban taɓa yanka katako ya gaza ba.

Roƙona ɗaya ne. Ku zo a watan Agusta, lokacin Obon da ake ziyarar kaburbura, mu tafi Shimokita wurin kabarin Fusae. Ke ki ɗauki ƙasan motar, ni tanti ya ishe ni. Ina kewar yarinyar nan, ba zan ɓoye miki ba.

Ki huta lafiya.
Kuramochi Iwao

Nagoya, 3 ga Yuni

Zuwa ga Kuramochi-san,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Damina ta sauka a nan, wanki ba ya bushewa. Na ji batun idonka, sannu.

Na jinkirta amsa don ban san ta inda zan fara ba. Bari in fara da mai sauƙi. Suzune shekararta sha huɗu. Tsawonta santimita ɗari da sittin da ɗaya, tana buga ƙwallon raga a makaranta, takalmina ma ya yi mata kaɗan. Gadon da ka kwatanta ko rabin ƙwaurinta ba zai ɗauka ba.

Da na karanta zancen tafin hannun nan sai da na yi dariya, daga baya kuma na rasa me ya kawo mini hawaye.

Sai mai wuyar. Mama Fusae ta rasu a watan Maris na shekarar da ta gabaci bara. Mu ba mu ji ba sai a Nuwamba, da katin makoki, irin wanda ake bugawa a raba wa kowa don kada a aiko da gaisuwar sabuwar shekara. Irin wanda mai sayar maka da katako ya samu, shi muka samu. Suzune ce ta ciro shi daga akwatin wasiƙu, tana dawowa daga makaranta. Wata takwas tana saƙa wa kakarta safar sanyi, ashe matar tana ƙasa. Haba! Ɗanka na rabu da shi, ban rabu da Mama ba. Da ka kira mu jana'iza, da ka ga tsawon jikarka da idonka.

Na ajiye mata wasiƙarka a kan tebur. Ta karanta, ta shige ɗaki. Ba zan tilasta ta ba.

Ka kula da kanka.
Chizuru

Tono, 15 ga Yuni

Chizuru,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Na ɗauki ma'aunina na je jikin ginshiƙi, na nemi ɗari da sittin da ɗaya na sa yatsa. Sai ga yatsana sama da kaina. Ashe ta fi ni! Na daɗe a wurin ina ɗaga ido, ina neman inda fuskarta za ta kasance. Kai, tsufa bai yi ba.

Genzo maƙwabcina, wanda muka koyi sana'a tare, ya leƙo ya tarar da ni. Da na gaya masa sai ya riƙe ciki. Ya ce, "Kai Iwao, jikar taka bishiyar kasko ce, da za ta shekara shida ba ta motsa ba? Tafin hannu! Ko kabewa aka ba ka ajiya ai ta wuce nan." Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita, ya dawo da zartonsa.

Gadon gicciye ba ya gyaruwa, don mota ba ta ƙara faɗi. Sai dai a kwance shi a yi sabo a tsawon motar, ta gefen hagu. Zan iya kafin Agusta in idon ya bar ni. Ki aiko mini da faɗin kafaɗar Suzune da tsawonta a zaune, kada ta riƙa buga kai da rufi.

Batun kati kuwa ba ni da bakin magana. Fusae ta tambayi labarin Suzune sau uku a asibiti. Ni na ce a bar ku, kun kama sabuwar rayuwa, yaro gida ɗaya yake bi, haka muka tashi muka gani. Wannan na faɗa wa mutane. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, kada in kira ku ku ƙi zuwa. Na cuci Fusae, na cuci yarinyar. Ki gaya mata haka, kada ki gyara mini ko kalma ɗaya.

Ko ba za ku zo ba zan yi gadon. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba in ban yi shi ba.

Na bar ki lafiya.
Iwao

Nagoya, 6 ga Yuli

Baba,

Barka da zafi, da fatan kana shan ruwa sosai, ba shayi kaɗai ba.

Na karanta wa Suzune wasiƙarka a bakin ƙofar ɗakinta, ban gyara komai ba. Wajen zancen kabewa na ji ta tuntsire da dariya. Da na ɗauko tef zan auna kafaɗarta ta fizge shi. Ta ce, "Mama, in kika aika masa da lamba ko ɗaya, ni da ke mun ɓata." Na ce to me zan ce masa? Ta ce ba ruwana.

Don haka babu awo, kuma ban san abin da ke ranta ba. Halinka ta ɗauko kaf, Baba, sai ka ji da abinka. Abin da na gani kawai, jiya ta ciro safar nan daga ƙasan durowa ta wanke.

Ka gaida Genzo-san.
Chizuru

Nagoya, 17 ga Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa. Har yanzu ina fushi da kai.

Wai kafinta mai shekara hamsin, kuma yana neman awo ta wasiƙa? Ajiye zarton nan, kada ka yanka komai. An ba mu hutu. Ranar Asabar muna tafe a jirgin ƙasa na sha ɗaya da rabi, ni da Mama. Ka fere fensir, ka nemi kujerar da za ka taka, tunda na ji ka gajarce.

Guntun gadon kuma kada ka kuskura ka kwance shi. Nawa ne. Sai na kwanta a kai tukuna, ko da ƙafafuna za su fita ta taga.

Suzune