Ba a Sakin Makirfo

Mama,

Wa ya ce miki yunwa nake ji a Washington? Ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yaya ƙanwata Shanice da rigimarta?

Lafiyata ƙalau. Albashi dai babu, haka ake wa masu koyon aiki. Amma garin nan kullum ana taro, kowane taro kuma ana raba burodi da nama. Ƙarshen mako ne kawai ciki kan ɗan yi ƙorafi.

Ƙungiyarmu tana yaƙi da sayar wa ƙasashe masu rikici makamai. Aikina a taro in kai wa masu tambaya makirfo, kuma doka ɗaya ce: kada ka sake shi. Jiya wani tsohon jakada ya cafke, ya shiga ba da tarihin rayuwarsa. Ya ja, na ja. Na ce, "Yallaɓai, tambayar tana hanya ne, ko mu aika a ɗauko ta?" Zaure ya kwashe da dariya. Na zaci kora ce, sai shugabarmu, Madam Odette, ta ce in zauna har bazara ina rubuta mata rahoto.

Don haka ki ce wa Kawu Lamont ya ba wani gurbina a shagon tayarsa, ba yanzu zan dawo ba. Ki aiko mini rigar sanyina. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Dontrell

Af, na ji Kawu ya faɗa a coci wai laburare ne ya lalata ni. To in ya isa, ranar Lahadi ya miƙe gaban jama'a ya faɗi littafi ɗaya da ya taɓa kaiwa ƙarshe.